Shatin Yatsu a Hannun Kaka

Da tsakar rana Baffa kafinta ya watso kayan 'yar marigayi ƙaninsa waje. Marainiyar tana durƙushe a bakin ƙofa, kuncinta ya tashi saboda mari.

"Wallahi Baffa ban taɓa dukan Kaka ba! Ɗaga ta kawai nake yi in kai ta banɗaki..."

"Rufe mana baki, munafuka!" in ji Gwaggo, yayar Baffa. Ita ce ta yaye hannun rigar tsohuwar, mahaifiyarsu, ta nuna masa shatin yatsu, baƙi-baƙi har kafaɗa. Dama ta daɗe tana son ɗakin yarinyar don ajiye kayan sana'arta. Kaka tana kwance, gaɓoɓinta a kumbure, tana cewa a bar mata jikarta, ba ta yi komai ba. Gwaggo ta ce tsoro ne ya sa take kare ta. Baffa bai bincika ba. Ya ja ƙofa ya rufe.

Ba a jima ba Kaka ta fara haɓo, jini ya ƙi tsayawa. Da kansa ya ɗauke ta a hankali, kamar mai ɗaukar ƙwai, ya sa ta a mota sai asibiti, Gwaggo na biye. Suka daɗe a layi. Da likita ta ɗaga rigarta, sai ga sabon shati a damtsenta: yatsu huɗu manya, babu na tsakiya, wanda zarto ya cinye wa Baffa tun yana saurayi. Innalillahi! Ya tusa hannunsa a aljihu, gumi yana keto masa.

Bayan gwaji likita ta ce, "Malam, jikinta ne yake yaƙar kansa. Akwai ƙananan ƙwayoyi a jini masu tsayar da zubarsa, nata sun kusa ƙarewa. Idan aka tayar da su sukan zubar da wasu 'yan ƙananan abubuwa na cikinsu da ke ba su ƙarfi, jiki ya ɗauka abokan gaba ne, kumburi ya ƙaru. Ko riƙe ta aka yi, sai ya bar tabo."

"Ko... riƙewa?" in ji Baffa.

Daga kan gado Kaka ta ce, "Na faɗa muku." Gwaggo ta matso da kofin ruwa, tsohuwa ta juya fuska bango. "Kada wannan ta ƙara taɓa ni."

A ranar Baffa ya sa Gwaggo ta kwashe kayanta ta bar gidan, maƙwabta suna kallo. Sannan ya shiga cigiya, titi-titi, har ya sami yarinyar a bayan wani gidan abinci tana wanke tukwane, ta rame, hannayenta sun tsattsage. Mutumin da bai taɓa ba kowa haƙuri ba ya zube a cikin ruwan wanke-wanke, hawaye na bin gemunsa.

"'Yata, na zalunce ki..."

Ta saki tukunyar tana kuka. "Tashi Baffa, don Allah, ana kallonka. Wa yake juya Kaka yanzu? Ba ta son a kama ta ta hagu."

"Babu wanda ya iya," ya ce. "Taho mu tafi gida."