Rabon Mai Rami

Rana ta yi ja lokacin da Lubabatu, maginiyar tukwane, ta kama hanyar ramin yumɓu a bayan Dogon Kiriya, ɗauke da wani abu a ƙunshe cikin zane.

Tun kakanni, duk maginiyar da ta haƙi yumɓu takan mulmula curin farko ta bar wa mai rami, doguwa, aljanar da ke zaune a wurin. Bana Lubabatu ba ta bari ba. Ɗanta Mu'awiya, mai shago a Dogon Dutsi, ya ce shirka ce, ita kuwa ba ta iya musu da yaron da ya fi ta karatu. Ta taho da curin gida. Da ta zauna gini, hannunta ya ƙi jin maganarta, ya fitar da abin da ba tulu ba, ba randa ba: dogo, murɗaɗɗe, ba baki. Ta gasa shi tare da tukwane.

Ran nan jikin autarta Basira ya fara bushewa, fata na tsagewa kamar tukunyar da rana ta buga. Likita ya yi iya yinsa. Yau ko ruwa ba ya wuce maƙogwaronta, hankalin uwar ya gama tashi.

Ramin shiru. Kwaɗi ma sun yi tsit. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika wurin, alhali rabon garin da ruwa tun kaka.

Ta durƙusa ta ajiye abin.

"Ga rabonki, ranki shi daɗe. Ki sakar mini ɗiyata."

Laka ta motsa. Lakar ta yi numfashi kamar mai rai.

"Wanga ya ci wuta," in ji wata murya can ƙasa. "Ɗanye nika so."

Lubabatu ta kai hannu za ta ɗebi sabo. Ramin ya ƙafe ƙaƙas, sai dutse.

"Ba ni da ɗanye," ta faɗa cikin kuka.

"Kina da shi."

Ta dubi hannunta na dama. Ta tuna leɓen Basira.

Ta miƙa hannun.

Ƙasa ta buɗe ta haɗiye har gwiwar hannu. Sanyi ya ratsa ƙashi. Wasu yatsu suka dinga murza namanta yadda take murza curi.

Da ƙyar ta fizge, ta ruga ba waiwaye.

A ƙofar gida ta tarar da Basira zaune tana kwankwaɗar ruwa a kwanon sha.

Lubabatu ba ta sake gina tukunya ba. Hannun ya dawo dogo, murɗaɗɗe, ba yatsu, kullum da danshi kamar ɗanyen yumɓu. Duk sanda Mu'awiya ya zo gida, shi ke janye mata tabarma nesa da murhu.