Ƙwayar da Na Ƙi Sha

"Ba zan sha ba, Umma. Don Allah ki bar ni."

"Ƙwaya ɗaya ce fa, 'yar nan... ɗaya tal."

Muna tsaye a barandar asibiti, daf da ɗakin da aka keɓe mijina. Umma mahaifiyarsa ce. Watanmu bakwai da aure, gida ɗaya muke zaune da ita, ban kuwa taɓa yi mata musu ba sai ranar.

Shekaranjiya lafiyarsa ƙalau. Gyaran firji yake yi, ya dawo daga shago da yamma yana cewa kansa kamar zai tsage. Har tsiya na yi masa, na ce duk garin nan shi ke ba mutane sanyi, yau ga shi jikinsa kamar garwashi. Ya yi dariya da ƙyar.

"Amarya, rage mini hasken nan. Idona ba ya so."

Da gari ya waye wuyansa ya ƙage, ko sunkuyar da kai ba ya iyawa, ga wasu jajayen ɗige-ɗige sun feso masa a ƙafa. Kafin azahar ya daina gane ni. Likita ya ce sanƙarau ne, irin mai saurin nan.

Da safen nan wata nas, doguwa mai gilashi, ta kira mu gefe da takarda a hannunta. Ta tambaye mu su wa suka kwana gida ɗaya da shi a kwana bakwai da suka wuce. Umma ta shiga lissafa mata maƙwabta, da masu kawo gyara, har da mai sayar masa da katin waya.

"A'a Mama, wanda suka gaisa kawai ba ya buƙata," in ji nas ɗin. "Ku biyu nake nufi. Ƙwayar cutar tana iya laɓewa a maƙogwaron mutum yana yawo bai sani ba. Maganin nan zai kashe ta kafin ta tashi, amma yau ya kamata a sha, ba gobe ba."

Ta miƙa mana ƙwaya ɗai-ɗai. Umma ta yi bisimilla ta haɗiye tata. Ni kuwa na dunƙule tawa a tafin hannu, har ta fara narkewa da gumi.

"Me kike nufi ne wai?" in ji Umma. "Ɗana yana ciki ban san halin da zai tashi ba, ke kuma kina so ki bi shi ki kwanta? Ni kaɗai zan yi jinyar mutum biyu?"

"Ba haka ba ne, Umma..."

"To yaya ne? Yi mini bayani."

Kwana huɗu ke nan da na yi gwajin ciki na ga layi biyu. Na ɓoye abin gwajin a ƙasan akwati, ina jiran ranar da ba ya fita aiki in nuna masa, in ga yadda fuskarsa za ta yi. Yanzu tsoro nake ji kada ƙwayar ta taɓa abin da ke cikina, kuma ba na so kunnen kowa ya riga nasa ji. Ko da kunnen mahaifiyarsa ne.

Nas ɗin ta daɗe tana kallona ta saman gilashinta. Ban san hannuna yana kan marata ba sai da na bi idonta.

"Ƙanwata," ta ce a hankali, "yaushe rabonki da ganin wata?"

Na sunkuyar da kai. Kunya da kuka suka taho mini tare.

"Shi nake so ya fara ji," na ce. "Ban gaya masa ba tukuna..."

Umma ta zauna a kan benci. Ta rufe baki da gefen mayafinta.

"Da kin faɗa mini tun ɗazu," in ji nas ɗin, tana karɓe narkakkiyar ƙwayar daga hannuna. "Ke allura za mu yi miki, ita muke yi wa masu ciki. Ba abin da zai samu ɗanki. Cutar ce abin tsoro, ba maganin ba. In kin ji zazzaɓi ko ciwon kai cikin kwanakin nan, ki taho da gudu."

"In na yarda, za ki bar ni in shiga wurinsa?"

"Minti biyar. Da takunkumi a fuska."

Aka yi mini allurar, Umma tana riƙe da jakata. Sannan na shiga.

Yana kwance, an sa masa ƙarin ruwa, leɓɓansa sun bushe. Har yanzu akwai baƙin mai a gefen farcensa. Na kama hannun, na sunkuya daidai kunnensa.

"Masoyina, ni ce... amaryarka. Ka kusa zama baba. Ka ji? Ka tashi ka yi mini surutun da ka saba, ka ce 'yarmu kai za ta ɗauko."

Na ji kamar yatsansa ya motsa a cikin hannuna. Har yau ban sani ba ko shi ne ya motsa, ko hannuna ne yake karkarwa.

Bayan la'asar Allah ya karɓi abinsa.

Kwana uku ni da Umma ba mu yi wata doguwar magana ba, gida cike da masu gaisuwa. A rana ta huɗu da hantsi ta shigo ɗakina, ta taɓa goshina da bayan hannunta, ta zauna a bakin gado. Ta rame sosai.

"Kin samu kin gaya masa?"

"Na gaya masa, Umma."

"Ya ji?"

"Ban sani ba..."

"Ya ji," ta ce. "Ni na haife shi. Tun yana ƙarami, ko barci yake yi, in aka yi maganar abin daɗi a ɗaki sai ka ga ya buɗe ido ɗaya."

Ta yi wata 'yar dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Ta jawo ni jikinta, muka yi kukan da muka riƙe tun a asibiti.