Abin Da Kudus Ke Faɗa Da Jamusanci

"Jamusanci kuma? Wa ya aike ki, Muni?"

Haka Kudus ya tare ni a waya ranar da na gaya masa na bar ajin Sifaniyanci na koma na Jamusanci. Ni da na zaci zai yi tsalle don murna.

"Ba Hamburg za ka kai ni ba? Ko so kake in shiga kasuwa ina nuna tumatir da yatsa?"

"Ai ni ne bakinki, baby. Yaren nan zai fasa miki kai. Ki yi dropping ɗinsa kawai."

Na ce to. Amma ban bari ba, kuma ban sake tayar masa da zancen ba.

Gida ɗaya muka tashi da Kudus a Zangon Kumasi. Mahaifiyarsa, Mma Hajara, aminiyar mahaifiyata ce tun suna 'yan mata. Shi ya tafi Jamus, mu muka zo Bronx, aka mayar da ni aji baya, shi ya sa shekarata goma sha tara ina ajin ƙarshe na sakandare. An sa bikinmu watan Yuli, da zarar na gama. Ba wanda ya tilasta ni. Ina son Kudus, irin son da ko sunansa na gani a waya sai na kama murmushi ni kaɗai.

Sai dai ni mutum ce mai saka abu a rai. Me zai sa namiji ya ƙi matarsa ta ji yaren garin da za ta zauna?

Malamarmu tana da wata dabara. Takan kunna mana hira sau uku. Na farko ka saurara kawai, na biyu ka rubuta kalmomin da ka kama, na uku ka haɗa su. Sauran ɗalibai hamma suke yi, ni kuwa har roƙonta nake ta ƙara.

Domin Kudus yana da wata ɗabi'a. Yana cikin yi mini saƙon murya sai ya juya ya yi wa wani magana da Jamusanci, sannan ya dawo kaina. In na tambaya ya ce, "'Yar maƙwabta ce, ta cika shigo mini."

A watan Maris, cikin bas ɗin da ke bin titin Tremont, na toshe kunnuwana na kunna wani tsohon saƙonsa. Sau uku, yadda aka koya mini. Ba shi nake saurare ba, bayansa nake saurare. Wata siririyar murya ta ce abinci ya nuna. Shi kuma ya amsa a hankali, da muryar da na ɗauka tawa ce ni kaɗai: "Yanzu, 'yar lelena. Gaya wa Mama ina zuwa."

Na wuce tashata har biyu ban sani ba.

Na yi ta ba kaina haƙuri. Wata shida kacal na yi ina koyo, wataƙila kunnena ne. Wataƙila uwar yarinyar ce ke taimaka masa da abinci. Na yi kwana huɗu ina kare shi a gaban zuciyata, kamar an biya ni.

Ranar Asabar da hantsi ya kira ni ta bidiyo. Muna cikin hira sai ga ɗan kai mai kitso biyu ya leƙo ta gefen kafaɗarsa. Kafin ya kawar da wayar na ɗaga murya, na gaishe ta da Jamusanci, na tambayi sunanta.

Fuskar Kudus ta sauya.

"Leni," in ji ta, tana dariya.

"Muni, tsaya... yaushe kika..."

Ban kalle shi ba. Na haɗa jimlar da na yi ta maimaitawa a gaban madubi. "Leni, wane ne wannan?"

Ta rungume wuyansa. "Papa."

"Ina Mama?"

"Tana kicin."

Idanunta nasa ne sak, har ɗan lotsawar kumatun.

"Habibti, ki saurare ni. Auren takarda ne, wallahi. Don in samu zama na yi. Ke nake so, ke kaɗai..."

"Takarda ce ta haifi wannan?"

Na kashe wayar.

Na sami Mma, mahaifiyata, a falo ta buɗe akwatin kayan aurena, tana jera atamfofin da ta saya a unguwar Morrisania. Na durƙusa a gabanta, kuka ya ƙwace mini. Tausayinta nake ji fiye da kaina. Matar da ke tsayuwa awa goma sha biyu tana jinyar tsofaffi, ta yaya zan gaya mata ɗan aminiyarta ya yaudare mu?

"Mma, Kudus yana da mata. Yana da 'ya, ta kai shekara huɗu."

Na jira salati. Na jira ta dafe ƙirji.

Mma ta ci gaba da ninke atamfar da ke hannunta, ta daidaita bakinta, ta ajiye.

"Hajara ta ce next year za su rabu," ta faɗa, idonta a kan akwati. "Mun ga gara ki je tukuna. In kin zauna, komai zai yi sauƙi."

"Kun ga... ke da wa?"

"Muniratu, duk borga, mazanmu da ke ci-rani a Turai, haka suke yi. Ba don mugunta ba."

Hawayena suka tsaya cak. Wata shida ina kasa kunne ga wani gida a Hamburg, ban taɓa tunanin in saurari namu ba.

"Tun yaushe kika sani, Mma?"

Sai a lokacin ta ɗago ta dube ni, idanunta sun cika.

"Ni na aika da kayan suna."