Injin Mota Ta Bakwai

Ƙarfe takwas saura kwata na safiyar Litinin aka kira ofishin 'yan sanda na Modena. Saje Orietta Vezzani ce ta ɗauka. Ta saurara, ta ajiye wayar, ta dubi shugabanta.

"Garejin Baraldi ne, yallaɓai. An yi musu sata."

Sufeto Ermanno Gavioli ya ture kofin gahawarsa gefe. "Mota?"

"Motar tana nan. Injin ne babu."

Garejin yana kan hanyar Nonantola, dogon gini na jan bulo inda aka fi shekara sittin ana farfaɗo da tsofaffin motocin tsere. Motar tana tsakiyar ɗakin, ja wur, tana ɗaukar ido. Rondine ce ƙirar 1958. Guda goma sha ɗaya kacal aka ƙera kafin kamfanin ya rufe, wannan ce ta bakwai. Murfin gabanta a ɗage, cikinsa wayam.

Mai garejin, Tiziana Baraldi, wadda ta gaji wurin daga mahaifinta, tana tsaye kusa da motar.

"Shekara huɗu muna kanta, Sufeto. Ranar Asabar za a yi gwanjonta. Yuro miliyan uku ake sa rai."

"In babu injin fa?"

"Ko miliyan ɗaya ba za ta kai ba. Masu tara irin waɗannan motoci ba ƙarfe suke saye ba, lamba suke saye. Dole lambar jikin inji ta zama ita ce a jikin shasi, wato ƙashin motar. Ka sa mata wani injin, ta zama marainiya." Ta dubi ma'aikatanta. "Mutum tara ke ci a nan. Wa zai sake ba mu amanar motarsa?"

"Wa ke da mabuɗi?"

"Ni kaɗai."

"Kamarar tsaro fa?"

"An kashe ta daga ciki."

Sufeto ya zagaya motar a hankali. Ba a taɓa ƙofa ba, ba a fasa taga ba. An rufe gefen motar da bargo don kada fenti ya karce. An tsiyaye baƙin mai a tasa, an rufe ta. Kowane tiyo an toshe bakinsa. A kan teburi kuma ga notuna jere bisa farin ƙyalle, manya a gefe guda, ƙanana a gefe guda.

"Saje," ya ce ƙasa-ƙasa, "shekara ashirin da shida ina wannan aikin. Ban taɓa ganin ɓarawon da ya yi shara kafin ya tafi ba."

Ma'aikatan suna tsaye cirko-cirko. Mutum ɗaya ne a zaune, wani dattijo mai faɗin kafaɗa, ya zuba wa motar ido. Ivano Luppi ke nan, babban bakanike, ɗan shekara saba'in da huɗu.

"Baba, kai ka haɗa injin?"

"Ni na haɗa shi. Tun ina ɗan sha tara nake gidan nan."

"Ina kake jiya Lahadi?"

"An yi wa jikata baftisma. Daga coci har faɗuwar rana ina wurin walima a gidan 'yata. Mutum arba'in sun gan ni."

Sufeto bai gama rubutawa ba aka banko ƙofa. Walter Pedroni ne, mai motar, attajirin da ke da masana'antar tayil a Sassuolo. Tun daga bakin ƙofa yake yi wa Tiziana ihu.

"Ke kika cuce ni! Sai na sayar da garejin nan har da kusoshinsa! Sai kin koma wankin motoci a bakin titi!"

Sufeto ya ja shi zuwa ƙaramin ofishin da ke baya, ya rufe ƙofa.

"Yaushe rabonka da nan?"

"Mako biyu. Jiya ma ina bakin teku a Cesenatico da iyalina."

Saje Vezzani ta shigo, ta miƙa wa Sufeto wata 'yar takarda. Ya karanta, ya ɗago kai.

"Matar da ke shagon gahawa a tsallaken titi ta ga motarka a ƙofar nan jiya da ƙarfe ɗaya. Ko teku ce ta matso?"

Pedroni ya sassauta ɗamarar wuyansa.

"To, na zo. Da wani mai saye daga Zurich. In muka daidaita a ɓoye, na huta da la'adar 'yan gwanjo. Laifi ne?"

"Kun shiga?"

"A kulle yake ta ciki. Na yi ta buga ƙofa. Ina jin ƙarar sarƙar ɗaga inji, da rediyo yana tsofaffin waƙoƙi. Na ɗauka aiki suke yi kafin zuwan mai tantancewa."

"Wane mai tantancewa?"

"Na kamfanin gwanjo. Laraba zai zo da wata na'ura mai ganin cikin ƙarfe, ta nuna ko an taɓa goge lamba an buga wata. Sabuwar ƙa'idarsu ce. Tun Juma'a na turo wa Tiziana wasiƙar. Ba ta faɗa maka ba?"

Ba ta faɗa ba.

Da Sufeto ya sa Tiziana a gaba, sai da ta fara musu. Ta ce wasiƙu da yawa ke shigowa, ba ta lura ba. Ya nuna mata allon da ke bango, inda aka rubuta LARABA da jan alli, aka ja masa layi biyu.

Ta zauna daɓas.

"Na gani. Na ji tsoro in na faɗa za ka ce ni na ɓoye injin."

"Kina da dalilin ɓoye shi?"

"Babu! Ni na sa hannu a takardar shaida cewa injin asali ne. Da ina da shakka zan sa hannu? Ɗauri ne fa, Sufeto."

"Bisa maganar wa kika sa hannu?"

Ta kawar da kai.

"Madam Baraldi, wa kika karanta wa wasiƙar ranar Juma'a?"

"Kawu Ivano."

"Me ya ce?"

"Bai ce komai ba. Ya ajiye sifanarsa ya fita waje. Ko abincin rana bai ci ba."

"Mabuɗi kuma? Har yanzu ke kaɗai ce?"

Hawaye suka zubo mata. "Babana ya ba shi ɗaya tun ina firamare. Amma ba shi ba ne. Shi ya koya min riƙe sifana. Shi ya raka ni coci ranar aurena, da babana yana kwance asibiti. Don Allah ka duba wani wajen."

Da suka fito, bencin da dattijon yake zaune babu kowa. Ma'aikata suka ce ya tafi shan magani.

Gidan 'yarsa Renata yana Castelfranco. Suka tarar da ita tana tattara kujerun walimar jiya. Ta tarbe su da fara'a har ta ji abin da ya kawo su.

"Baba yana nan tun safe har yamma," ta ce, ba tare da ta dube su ba.

"An ɗauki hotuna?"

Ta miƙa wayarta da ƙyar. Sufeto ya riƙa turawa ɗaya bayan ɗaya. Ga Ivano a ƙofar coci da farar riga. Ga shi a kan teburi kafin a kawo abinci. Da aka kawo taliyar tortellini, kujerarsa babu kowa. Da aka kawo nama, babu kowa. Sai a hoton yanka kek, ƙarfe shida da rabi, ya sake bayyana riƙe da jaririyar. Rigarsa ta koma shuɗiya.

Sufeto ya ƙara girman hoton. Hannun da ke riƙe da farin mayafin jaririyar, ƙarƙashin faratansa baƙi ƙirin.

"Ya ce min kansa ke ciwo, zai je ya kwanta," in ji Renata. "Me ya yi, yallaɓai?"

"Yana ina yanzu?"

"Ɗazu ya zo ya ɗauki a-kori-kurar mijina a rumfa. Tun jiya take can a rufe da tamfol, ya hana kowa ya taɓa. Ya sumbaci jaririyar, ya cire agogonsa ya ajiye a kan teburi." Ta kama hannun Saje. "Bai taɓa cire agogon nan ba."

"In ransa ya ɓaci ina yake zuwa?"

"Bakin kogin Panaro, inda yake kamun kifi, bayan tsohuwar gada."

Saje Vezzani ce ke tuƙi, ta kunna jiniya har suka bar kwalta. A hanya Sufeto ya kira Tiziana, ya faɗa mata wurin.

Ruwan sama na kwana uku ya cika kogin, yana gudu ja-ja da laka. A-kori-kurar tana can ƙarshen gangare, bayanta na fuskantar ruwa, ƙofar bayan a buɗe. Injin yana ciki a kan katako, an naɗe shi da bargo. Ivano yana zaune a gefensa, ƙafafunsa na reto a kan ruwan.

Sufeto ya ɗaga wa Saje hannu ta tsaya. Ya matsa shi kaɗai.

"Baba Ivano, sauko mu yi magana."

"Tsaya nan, Sufeto. Birkin hannu kaɗai ke riƙe da mu, kuma na ɗaure shi da igiya." Ya nuna igiyar da ke hannunsa. "Tun ɗazu nake nan. Na kasa tura injin. Shi ne na ce ko in raka shi."

"In ya nutse, me ya gyaru?"

"Ba wanda zai ga cikinsa. Inshora ta biya Pedroni. Tiziana ta tsira."

"Daga me?"

Dattijon ya shafa bargon.

"A 1976 motar nan ta wani lauya ce daga Bologna. Ya kawo ta gyara. Wata Lahadi na ɗauke ta ba da sanin kowa ba, don in burge yarinyar da nake nema. A hanyar Vignola na taka ta fiye da ƙima. Injin ya tarwatse, ya fashe gida biyu. Albashina na shekara goma ba zai biya ba. A sito akwai injin mota ta uku da ta yi hatsari. Maigidana Nerio, mahaifin Tiziana, yana hutun Agusta. Na goge lambar, na buga ta bakwai da hannuna. A lokacin wa ya damu da lamba? Tsohuwar mota ce kawai." Ya yi wata dariya mara daɗi. "Sai ga ta ta dawo bayan shekara arba'in da huɗu, wai yanzu lambar ce miliyoyi. Tiziana ta tambaye ni, Kawu, na asali ne? Na dube ta na ce mata e."

Bai kai ƙarshe ba wata mota ta tsaya a saman gangaren. Tiziana ce. Ta fito da gudu ba ta ko rufe ƙofa ba, takalminta na nutsewa a laka. Ta ji ƙarshen maganar.

"Kawu!"

"Koma, 'yata."

"Ba inda za ni. Babana ya sani?"

"Bai sani ba. Har ya mutu yana yabona a gaban mutane."

Ta tsaya tana haki. Sufeto ya ga yadda fuskarta ta sauya, ya ji tsoron abin da za ta faɗa.

"Ka cuce ni, Kawu. Ka sa na sa hannu a kan ƙarya. Amma in ka ja igiyar nan, wa zai gaya wa alƙali ban sani ba? Wa zai wanke babana? Ni za ka bari da shi duka, kai ka huta?"

"Gaskiya ta faɗa," in ji Sufeto. "Pedroni ya ji sarƙa, hotuna sun nuna ba ka wurin walima. Za a zo kanta ko da injin ko babu shi. Bakinka kaɗai ne zai fitar da ita."

Ivano ya dubi ruwan. Ya dubi Tiziana. Igiyar ta sulale daga hannunsa. Saje Vezzani ta ruga ta cusa dutse a bayan taya, ta ƙara wani.

Sufeto ya kama shi ya sauko da shi.

"Ivano Luppi, na kama ka bisa laifin sata da buga lambar jabu."

Dattijon ya miƙo hannayensa biyu. Sufeto ya dubi kumburarrun yatsun, ya mayar da ankwa cikin aljihunsa.

Tiziana ba ta matso ba. Ta juya baya, ta ciro waya ta kira kamfanin gwanjo. Suna jin ta tana cewa a cire mota ta bakwai daga jerin Asabar, za ta turo bayani a rubuce. Da ta gama, ta kira Pedroni. Ihunsa har bakin ruwa ana ji. Ta riƙe wayar a kunne, ba ta kashe ba.

Aka sa Ivano a kujerar baya. Saje ta tayar da mota, suka hau gangaren a hankali. Bai waiwaya ba. Sun kusa kwalta ya karkata kai, ya kasa kunne.

"Sufeto."

"Na'am, Baba."

"Injin motar nan taku yana ƙara a gefen hagu. Kada ku bari ya wuce mako." Ya share idonsa da bayan hannu. "Ku kai wa Tiziana. Daga yau za ta buƙaci masu kawo aiki."