Rabin Ƙwaƙwalwar Laftof ɗin Auta

Mai shagon kwamfuta ya kife laftof ɗin a kan tebur, ya sha fama da notunan bayanta kafin su kwance, ya ɗaga murfin. Sai ya ɓata fuska kamar likitan da ya ga abin da bai so ba.

"An yi miki sata," in ji shi.

Auta, ɗalibar da ke da laftof ɗin, ta leƙa. Gurbi biyu ne a jere, ɗaya da ɗan siririn allo kore a ciki, ɗayan wayam. Allunan nan su ake kira ram, su ke riƙe wa kwamfuta aikin da ke hannunta. Kowanne mai giga takwas ne, wato ma'aunin ƙarfinsa, biyun suka haɗa sha shida, ga shi wani ya zare ɗaya. Shi ya sa tun ranar Alhamis da ta buɗe manhajar da take rubutawa sai komai ya daskare.

Ran nan Asabar ce. Ranar Litinin da safe za ta tsaya gaban malamai uku ta nuna manhajar tana aiki, wanda tasa ta ƙi tashi kuwa sai maimaita shekara. Mai shagon ya birkice akwatunansa, ya buga waya wuri biyu, ya ce irin wannan ram ɗin ya yanke a kasuwa, sai kaya sun iso nan da mako biyu. Aro ma babu hali, kowa a ajin yana fama da tasa. Auta ta zauna a kan benci, idonta ya ciko.

Gwaggonta, yayar babanta, ita ta rako ta. Shekara talatin ta yi tana buga takardu a kotu kafin ta yi ritaya. Ba ta san komai a kan kwamfutar zamani ba, ba ta kuma damu ta sani ba, amma ƙarya kam ta ji ta kala-kala, har ta san takunta. Ta gyara gilashinta, ta jawo kujera ba tare da an ba ta ba, ta fara da wanda ke gabanta.

Mai shagon bai ɓoye ba, ranar Talata an bar masa laftof ɗin awa guda ya canza caja. Ya san yadda maganar ta zauna, har gumi ya keto masa. Amma ya nuna mata kan notunan. Biyu sun cinye, alamar an sa musu sukundireban da ya fi ƙarfinsu, sauran kuwa an ɗaure su tamau kamar za su yi doguwar tafiya.

"Wannan ba hannun ɗan sana'armu ba ne, Hajiya. Mu a hankali muke taɓa su."

Gwaggo ta ce kowane mai laifi haka yake yabon hannunsa. Ta ciro farin hankici ta goga a gefen murfin ta ciki, ta duba, ta kai hanci, ta ninke ta mayar jaka. Sannan ta ce ya ba ta labarin ranar da aka sayi laftof ɗin, kada ya tsallake komai.

Mako uku ke nan, in ji shi. Auta ta zo da babanta da takarda cike da sharuɗɗa: wadda batirinta ke jimawa, wadda ba ta da nauyi a jaka, wadda za ta ɗauki aikin rubuta manhaja, kuma in da hali ta ɗauki wasan ƙwallon da take yi don ta huce gajiya. Sun ɗaga guda shida sun ajiye. A ƙarshe zaɓi ya tsaya tsakanin mai takwas da mai sha shida, sai baban ya tambayi bambancinsu.

"Me ka ce masa? Yadda ka faɗa nake so, ba yadda ka so ka faɗa ba."

Mai shagon ya sosa ƙeya. "Na ce takwas ta isa karatu, ɗayar takwas ɗin don ta ji daɗin wasa ne."

"Gaskiya ce?"

"Rabinta. Aikinta ma yana cin duka. Na ga bayanin zai yi wa dattijon tsawo ne, ga layi a bayansu."

Gwaggo ta ce ya mayar da murfin, su za su tafi.

A gida ta tarar da Dogo, wan Auta, direban bas, yana wanke takalmansa a tsakar gida. Auta tun a hanya ta yanke masa hukunci, don shi ne abokin wasan ƙwallonta, kuma shi kaɗai ke taɓa laftof ɗin bayan ita. Dogo ya ji zafin zargin, ya ce da zai yi sata ai ba zai saci abin da zai lalata masa wasansa ba. Ya shiga ɗaki ya ɗauko takardar fitar mota: ya tashi Laraba da yamma, bai dawo ba sai jiya Juma'a. Kafin ya tashi ma sun buga wasa biyu, laftof ɗin tana gudu lafiya lau, Auta ta zura masa ƙwallo huɗu.

Auta ta yarda an yi haka. Ashe ranar Laraba ram biyun suna nan. Magana ɗaya ta wanke mai shago, ta wanke Dogo.

Gwaggo ta tambayi wanda ya gan su suna wasan. Dogo ya ce Baba ya dawo daga gareji ya tsaya a bakin ƙofa, daidai lokacin da Auta ke tsalle tana murnar ta huɗun. Ya juya ya tafi. Da safiyar Alhamis kuma Auta ta raka Mama asibiti awon jini, ta bar laftof ɗin a kan tebur. Ba a fasa ƙofa ba, ba a taɓa komai ba. Mama ta ce Baba suka bari a gida yana neman makullinsa.

Gwaggo ta ce kowa ya zauna inda yake, ta fita ita kaɗai. Ranta ba daɗi, don ta san inda za ta.

Ta sami ƙanenta a gareji, rabin jikinsa a ƙarƙashin wata tsohuwar mota. Ta tsaya har ya fito yana goge hannu. Shekararsa sittin ba biyu, amma a gabanta har yanzu ƙane ne.

"Injiniya, ina abin yarinyar nan?"

Ya ce wane abu, yana kallon tayar motar. Ta buɗe hankicin ta nuna masa ɗan baƙin tabon, ta jera masa hujjojinta a natse kamar tana karanta takardar kotu. Ɓarawon waje da ya ɗauke laftof ɗin ɗungurungum. Ɓarawon da ya san sana'ar ba zai cinye kan noti ba. Wanda ya buɗe ta bai saba da ƙananan notuna ba, amma ya saba ɗaure abu yadda ba zai kwance a hanya ba, kuma hannunsa na da baƙin mai. Sannan mutum ɗaya ne a duniya aka gaya wa cewa rabin abin na karatu ne, rabi na wasa.

Bai yi musu ba. Ya buɗe akwatin kayan aikinsa, ya ciro kwalin fulogin mota, ga allon a ciki an naɗe shi da takarda mai tsabta, an ɗaure da kyauro.

Ya ce shi ba sata ya yi niyya ba, ajiya ce, sai ta gama jarrabawa ya mayar. Shi aji huɗu ya tsaya, ƙwallo ce ta fitar da shi daga makaranta, babu wanda ya riƙe masa kunne. Da ya ga Auta tana tsalle saura kwana biyar, sai gabansa ya faɗi. Ya buɗe ya ga biyu iri ɗaya, ya cire ɗaya. Da ya ga kuma laftof ɗin ta lalace, sai ya ɗauka ya kashe ta ne, kunya ta rufe masa baki. Kwana biyu ke nan abinci ba ya wuce masa.

"Yaya, ni ban san karatunta ba. Ko leƙa shi ba na iyawa. Abin da na iya ke nan, in na ga abin da zai tsayar da mota, in cire shi."

Gwaggo ta zo da faɗa cike da bakinta, sai ta ji tausayi ya rigaye shi. Ta ce ya wanke hannu da sabulu sau biyu ya biyo ta, kuma da bakinsa zai faɗa.

Ya faɗa, a tsaye a falo, hularsa a hannu. Dogo ya buɗe baki zai yi magana, Gwaggo ta harare shi ya haɗiye. Auta ta daɗe tana kallon kwalin fulogin. Ta yi fushi, fushi na gaske. Kwana biyu tana zargin kanta, tana zaton ita ce ba ta iya ba. Ta faɗa masa haka, ya sunkuyar da kai ya karɓa.

Sannan ta tashi ta aro ɗan ƙaramin sukundireba a wurin mai gyaran agogo da ke bakin layi. Ta kife laftof ɗin, ta buɗe, ta miƙa wa babanta allon. Ya ja da baya. Ta ce shi ya cire, shi zai mayar, ta nuna masa yadda ake karkata shi a tura a hankali har ya ce ƙas. Sai a karo na uku allon ya zauna. Babu wanda ya san ko allon ya tsira daga kwana biyu a akwatin makaniki.

Ta kunna. Sha shida ta fito. Ta buɗe manhajar, ta tashi ba gardama.

Baban ya matso ya ƙura wa layukan rubutun ido, ba ya gane ko ɗaya. Ya yi ƙasa da murya.

"To yanzu wanne ne na karatun?"

"Duka biyun, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ta matsa masa a kan kujera, ya zauna a gefenta, ta fara nuna masa daga layin farko.