Tsohon da ke Tsince Ƙwallaye

Salwa ta iya ƙwallo, kuma ta san ta iya. Wannan sanin shi ne matsalarta.

Ranar Asabar Babanta ya kai ta wani filin ƙwallo a unguwar Summerfield. Za a zaɓi 'yan mata goma sha biyar a sabuwar ƙungiya, ita kuwa ta ƙwallafa rai. A gwajin ta ci ƙwallo uku.

A gefen fili akwai wani tsoho ɗan Koriya, siriri, da koɗaɗɗiyar hula. Shi ke tsince ƙwallaye da gorunan ruwa. Da aka tashi, Salwa ta wurga masa rigar gwaji da hannun hagu, ko kallonsa ba ta yi ba. Rigar ta faɗi ƙasa. Tsohon ya ɗauka, ya kakkaɓe, ya ninke.

Ranar Litinin sunaye goma sha huɗu suka fito. Babu Salwa. Ta sha kuka.

Baba bai lallashe ta ba, wayarsa ya miƙa mata, ya kunna wani bidiyo. A bidiyon, filin wasa ne cike maƙil, dubban mutane suna kiran suna ɗaya. Wani saurayi ya yanke 'yan baya uku ya zura ƙwallo. A bidiyo na biyu shi ne dai, ya yi furfura, 'yan wasansa sun ɗaga shi sama da kofi a hannu.

Salwa ta gane fuskar. Tsohon nan ne mai tsince ƙwallaye.

"Malam Pyo ke nan, kocin sabuwar ƙungiyar nan," in ji Baba. "Shekara goma sha biyu yana wasa a Koriya, ashirin yana horarwa. Jikokinsa ya biyo nan. Na ga abin da kika yi. Ko da ba shi ba ne, da hagu muka koya miki ki ba babba abu?"

Kunya ta kama ta.

Asabar ta gaba ta riga kowa zuwa. Ta tattara ƙwallaye a buhu. Baba ya ce mutanen Koriya da hannu biyu suke miƙa wa babba abu, don haka da hannu biyu ta miƙa wa Malam Pyo buhun. Ta ce ya yi haƙuri.

"Ƙafa ina iya koya mata wasa," in ji Malam Pyo. "Hali nake dubawa, shi ya sa nake tsintar ƙwallo ranar gwaji. Gurbi ɗaya na bari, ko za ki dawo."

Ya buɗe jakarsa ya fito da rigar nan, a wanke. Da hannu biyu ya miƙa mata.

Daga ranar Salwa ta gane cewa kowa ya cancanci girmamawa, ko ka san shi ko ba ka san shi ba.