Kujerar Hedimasta

Ranar Talata ce, an wuni ana yayyafi.

Kafinta yana zaune a falo, ya kasa taɓa abincinsa. Matarsa, Nas, ma'aikaciyar asibiti, tana ɗaki tana shafa wa mahaifinta magani a ƙugu. Da la'asar tsohon ya faɗi. Kujerar da Kafinta ya yi masa ce ta karye da shi.

Tsohon Hedimasta ne. Shi ya rantse 'yarsa ba za ta auri wanda bai gama firamare ba. Ita kuwa ta kafe, shekara uku tana jira, har ya gaji ya yarda. Da ɓarin jikin tsohon ya shanye, 'ya'yansa maza suka ce gidajensu sun yi kaɗan. Kafinta ne ya ce a kawo shi, a coci har ana yaba masa.

Sai dai bakin tsohon bai shanye ba. Kullum da safe in Kafinta ya buɗe Littafi Mai Tsarki yana karanta wa iyali da ƙyar, sai ya ji daga gefe: "Mai Guduma, karatu kake yi ko ƙusa kake bugawa?" Yara su sunkuyar da kai suna ƙunshe dariya.

Shi ya sa da Nas ta roƙe shi ya yi wa Baba kujera mai hannu, ya ɗauko katakon da gara ta ci, ya haɗa ba gam, ya rufe da fenti. Katako mai kyau yana nan, amma ya ajiye shi don teburin coci.

Nas ta fito da guntun ƙafar kujerar, ta murza shi da yatsa, gari ya zubo.

"Maigida, shekara tara ina share maka shago, na san katako. Ka sani?"

Ya kawar da kai.

"Kalle ni mana! Ka sani?"

"Na sani. Ban yi nufin ya faɗi ba. Na dai ga bai cancanci mai kyau ba."

Hawaye suka zubo mata. "Ni da na juya wa gidanmu baya saboda kai! Cewa nake yi ba ka da satifiket amma kana da zuciya. Yanzu me zan ce? In ba za ka iya ba, faɗa mini, in kama ɗaki kusa da asibiti, ni da shi."

"Na yi ƙoƙari. Na kasa son mutumin nan."

"To ni ce maka aka yi ina iyawa? Jiya ya watsa mini shayi a yunifom. Ba ka ganin ina tsayawa a bakin ƙofarsa kafin in shiga? Cewa nake yi, Yesu, nawa ya ƙare, ara mini naka. Kullum fa!"

Ta share ido. "Ka san abin da ya ce ina ɗaga shi? Wai kada in ga laifinka, shi ne ya zauna a karkace. Wai aikin Mai Guduma ba ya karyewa."

Kafinta ya rufe fuska da hannuwa, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Nan ya gane bai taɓa roƙon Ubangiji a kan tsohon ba, da ƙarfinsa kaɗai yake ta fama. Ƙaunar mai wuyar hali kuwa ba ta ƙarfin mutum ba ce, alherin Allah ce, kullum sai an roƙa.

Washegari ya tsaya a bakin ƙofar Baba, ya faɗi addu'ar matarsa, ya shiga da tef ɗin awo. Ya durƙusa.

"Baba, ruɓaɓɓen katako na sa maka, da sanina. Ka gafarta mini."

Tsohon ya kalle shi. "Af! Ashe bayan rashin boko har da mugunta? To tashi, ɗana, ka yi awon. Ka dai iya karanta lambobin?"

Nas tana bakin ƙofa, dariya da kuka a haɗe.

Kafinta ya auna, ya wuce shago, ya sauko da katakon coci, ya ɗora masa zarto.